Yaro mai tasowa ko gogaggen ɗan wasa? Ni dai yaron zan ɗauka

Ɗan'uwa, kan wanda ya fi dacewa ƙungiya ta zuba wa kuɗinta, yaro mai tasowa ko gogaggen da ya riga ya yi suna, ni dai yaron zan ce maka. A Real Madrid da nake goyon baya na ga duka biyun da idona.

A 2017 Madrid ta amince ta biya ƙungiyar Flamengo ta Brazil kusan Yuro miliyan 45 kan Vinicius Junior, yana ɗan shekara 16. Sai a 2018 da ya cika 18 ya iso Sifaniya, domin dokar FIFA ba ta yarda a kai yaro wata ƙasa kafin wannan shekarun ba, sai da wasu 'yan sharuɗɗa. Shekarunsa na farko a Madrid sun gwada haƙurinmu ƙwarai. Zai taso daga gefen hagu ya yanke mutum biyu, ya zama daga shi sai gola, sannan ya ɗaga ƙwallo ta wuce saman turke. 'Yan adawa suka samu abin tsokana. Abin da ya hana ni fid da rai shi ne, ko ya barar, da zarar ƙwallo ta sake zuwa ƙafarsa zai kuma tunkarar ɗan bayan nan kamar ba a yi komai ba. Da koci Ancelotti ya dawo a 2021 sai yaron ya nutsu a gaban raga. A wasan ƙarshe na Zakarun Turai na 2022 a Paris, Valverde ya bugo ƙwallo ƙasa-ƙasa daga dama, Vinicius ya lallaɓo ta bayan Alexander-Arnold ya tura ta raga, aka doke Liverpool da ci ɗaya mai ban haushi. A 2024 ya sake ci a wasan ƙarshe da Dortmund a Wembley. Wallahi daɗin ganin yaro ya girma a rigarka daban yake.

Eden Hazard kuwa ya zo daga Chelsea a 2019 kan kusan Yuro miliyan 100, yana da shekara 28, duniya ta san shi. Rauni ya hana shi sakat. Ƙwallo 7 ya ci a kaka huɗu, a 2023 aka raba gari ba a mayar da ko sisi ba. Nan hatsarin gogagge yake: albashinsa mai nauyi, kullum shekarunsa ja suke, in abin bai yi ba babu mai saya. Yaro kuwa kadara ne. Dortmund ta ɗauko Bellingham daga Birmingham a 2020 yana ɗan 17 kan kusan fam miliyan 25, ta sayar wa Madrid a 2023 kan Yuro miliyan 103.

Ban ce gogagge ba shi da rana ba. Van Persie ya je Manchester United a 2012 yana da shekara 29, ya ci ƙwallo 26 a Firimiya, suka ɗauki kofi. In gurbi ɗaya ya rage maka kuma bana kake son kofi, to ba laifi.

Sai dai a yi hattara da dillalan 'yan wasa. Wani zai haɗa bidiyon minti uku na yanka da gudu, ya ɓoye tsohon ciwon gwiwa, wani ma har shekarun yaron zai rage a takarda. Su ne ke zuzuta farashi har a sayi yaro da kuɗin gogagge, kamar Yuro miliyan 126 da Atletico ta biya kan Joao Felix a 2019 yana ɗan 19. A tura masu ido su kalli cikakkun wasanninsa, har da ranar da aka ci ƙungiyarsa, a yi masa gwajin lafiya na gaske.

Ka ɗauki yaron, amma sai in kocinka zai riƙa sa shi a fili, domin a benci ba zai koyi komai ba.