Baƙin tankin roba mai lita 2,000: ya dace da tara ruwan sama?

A kasuwa kowa "GP" yake ce masa, ko da ba kamfanin GeePee ne ya yi shi ba, kamar yadda ake kiran kowane garin sabulu Omo. An saba ganinsa a kan ƙarfe, injin rijiyar burtsatse yana tura masa ruwa. A nan za mu auna shi ne a wani aikin daban, wato a ajiye shi ƙasa, kusa da bango, ya karɓi ruwan da ke sauka daga kwanon rufi.

A fara da lissafi, don shi ke raba gardama. Duk milimita ɗaya na ruwan sama da ya sauka a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ce. Rufin kwano mai tsawon mita 10 da faɗin mita 6 murabba'in mita 60 ke nan. In aka yi ruwa mai milimita 25, lita 1,500 ta sauka a kansa. A cire kashi ɗaya cikin biyar na abin da ke fantsama da wanda za a zubar da farko, saura lita 1,200. Ke nan ruwa biyu masu kyau sun cika tankin har ya yi ambaliya. A daminar da ta ba da milimita 700, wadda ba baƙuwa ba ce a ƙasar Kano, wannan rufin zai kawo lita 33,600, kusan cikin tankin sau 17. A Damagaram, inda ruwan bai kai haka ba, har yanzu zai cika sau da dama.

Amma lita 2,000 jarka 80 ce kacal, irin mai lita 25 da 'yan garuwa ke turawa. Gida mai mutum takwas, kowa lita 20 a rana, kwana goma sha biyu sun ga ƙarshensa. Duk mai shagon da ya ce wannan tanki zai kai ka rani, ciniki kawai yake nema. Amfaninsa yana cikin damina ne: a ɗiba, ya ragu, ruwa na gaba ya sake cika shi. Wanda ya rufe shi yana tattali tun Yuli, ruwan Agusta gaba ɗaya zai bi kwata.

Jikin tankin kansa ba shi da abin kushewa sosai. Ba ya tsatsa kamar durom, mutum biyu ko uku sun ɗauke shi in babu ruwa, kuma baƙin launin yana tare haske, shi ya sa gansakuka ba ta samun wurin zama. Kafin a biya kuɗi, a buɗe murfi a leƙa ciki da rana: in ana ganin haske yana ratsa jikinsa, robar ta yi siriri, a nemi wani. A danna gefensa da tafin hannu, kada ya lotsa da sauƙi. A murɗa murfin a ga yana kamawa. Aibinsa shi ne zafi. A Afrilu, ruwan da ya wuni a baƙin tanki sai an bar shi ya huce kafin a yi alwala da shi. Rumfar zana ko inuwar bango ta magance wannan, kuma tana ƙara wa robar kwana.

Inda aka fi yin asara shi ne gindi. Tanki cike nauyinsa tan biyu ne. Ana ɗora shi a kan bulo huɗu, tsakiya babu komai, sai ƙasansa ya yi ciki, wata rana ya tsage. Dakali yake so na kankare, kaurin inci 4, kwanon sarki ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, shafaffe sumul, ya ɗan fi gindin tankin faɗi. A ɗaga shi yadda jarka za ta shiga ƙarƙashin famfo, amma bakin tankin ya kasance ƙasa da indararo, in ba haka ba ruwa ba zai hau tudu ba. In ruwan tankin zai ƙare kafin damina, a ɗaure shi ko a bar ɗan ruwa a ciki, domin guguwar farkon damina tana iya mirgina shi.

Babban abin da za mu tuhumi masu sayarwa da shi: suna miƙa tanki tsirara, ba sa cewa komai a kan ruwan farko. Wata bakwai rufi yana tara ƙurar hunturu, kashin tattabaru da na ƙadangaru, da busasshen ganyen darbejiya. Ruwan farko da na biyu na shekara a bar su su wanke kwano, kada ɗigo ya shiga tanki. Bayan nan ma, kowane ruwa a kawar da farkonsa, aƙalla lita ɗaya ga kowane murabba'in mita, wato lita 60 ga rufin misalinmu. Masu haɗa famfo sukan sa mahaɗa mai baki uku, su sauke bututu mai inci 4 da murfi a ƙasa, ya cika da dattin kafin ruwa ya wuce tanki. Dabarar daidai ce, girman ne ke gaza musu, don mita ɗaya ta wannan bututu lita 8 take ɗauka. Mita biyu lita 16 ke nan, ina aka kai 60? Gara a sauke bututun cikin ƙaramin durom mai murfi da famfo a ƙasa. Kuma a zubar da shi bayan kowane ruwa. In an manta, ya zama ado.

Indararon ya ɗan karkata zuwa tanki, kamar santimita ɗaya a kowace mita, da maƙalai kusa-kusa don kada ya lanƙwashe in ya cika. A sa raga mai ƙananan ido a mashiga, a sa a mafitar ambaliya, in ba haka ba an gina wa sauro gida. Mafitar kada ta fi mashigar ƙanƙanta. Wajen ɗaura famfo kuma, farin tef da hannu sun isa. Wanda ya sa ƙarfi da sifana zai cinye zaren robar, yoyon kuwa ba ya jin gam. Ruwan da za a sha a tafasa ko a sa masa maganin kulorin bisa abin da ke rubuce a kwalba, komai haskensa a ido.

Sauran ruwan da tanki ba zai ɗauka ba, kuma shi ne mafi yawa, ƙasa ce ma'ajiyarsa. A ja bututun ambaliya nesa da tushen gini, kamar mita uku, nesa da masai, ya zuba cikin kwarin da aka yi wa bishiya: zurfin taƙi ɗaya, an zuba taki, an rufe da kara ko ɓawon gyaɗa. Hikimar tassa ce, wato ƙananan ramukan shuka masu tara ruwa da taki, da manoman yankin Tawa ke farfaɗo da fako da ita, an shigo da ita tsakar gida. Zogale, magarya da kurna suna jure rani in sun kafu a irin wannan kwari. Ciyawar ado irin ta otal kuwa a manta da ita, a kwana kaɗan za ta shanye tankin.

Cikon ƙarshe na Satumba shi ya dace a ware wa shuka. A binne tulun ƙasa marar fenti har wuya, a dasa tattasai ko tumatir kewaye da shi, a cika shi a rufe bakin da murfi. Tulu biyar masu lita 10, ana cika su duk kwana uku, lita 500 suke ci a wata, don haka tanki ɗaya zai kai su Janairu.

Wanda ke da wuri da hali, tanki biyu da aka haɗa ta ƙasa, kowanne da makullin rufe ruwansa, sun fi babba guda ɗaya: ana wanke ɗaya, ɗayan yana riƙe da ruwa. Wanda rufinsa soron ƙasa ne ko jinka, kada ya saya don sha, ruwan zai zo da laka da launi.