Wane keke zai kai mutum Gaya, Dutse da Birnin Kudu ya kuma dawo da shi gida?

A 'yan shekarun nan matasa da yawa a ƙauyukan Kano da Jigawa sun fara sha'awar doguwar tafiya a kan keke domin motsa jiki da buɗe ido. Mafi yawansu a waya suka kamu da sha'awar, inda suke kallon Turawa suna gudu a kan siraran kekuna ta gaɓar teku a Faransa da Italiya da Fotugal, suna ratsa gonakin inabi da tsoffin garuruwa. Mu ba mu da teku, amma muna da gaɓar kogin Wudil da fadamun Haɗeja, muna da Gaya wadda labari ya ce daga cikinta maƙeran da suka fara zama a Dala suka fito, da Rano da Garun Gabas da ake lissafawa cikin Hausa Bakwai, ga kuma zanen kan dutse na Birnin Kudu. Wuraren zuwa ba su yi ƙaranci ba. Abin da ke kawo nadama shi ne sayen keken da aka ƙera domin hanyar wasu, a ɗora shi a kan tamu.

Kekuna iri uku ne mai saye zai fi cin karo da su a kasuwa, kuma na farko shi ne wanda iyayenmu suka sani, wato baƙin keke mai birkin ƙarfe irin Raleigh na Ingila, Phoenix na Sin, ko Hero da Avon na Indiya. Babu garin da za a rasa mai gyaransa, kayansa suna nan a kowace kasuwar ƙauye, kariyarsa kuma tana ɗaukar buhun gero ba tare da ta lanƙwashe ba. Aibinsa nauyi ne, domin yakan kai kilo 20 ko ya wuce, kuma giyarsa ɗaya ce, saboda haka duk wanda ya fuskanci iskar hunturu da shi na tsawon awa uku zai ji a cinyoyinsa. Daga Kano zuwa Wudil, tafiyar kusan kilomita 40, ya wadatar. Wanda yake son wucewa har Dutse a yini ɗaya gara ya duba wani.

Na biyu shi ne keken tsere, mai kai lanƙwasasshe kamar ƙahon rago da taya siririya, irin wanda ake hawa a gasar Tour de France da aka fara tun 1903. A kan kwalta mai laushi babu abin da ya kamo shi, domin nauyinsa yawanci kilo 8 zuwa 10 ne, kuma ƙarfin da mutum zai sa a baƙin keke ya yi kilomita 15 zai kai shi nesa da haka a wannan. Sai dai faɗin tayarsa milimita 23 zuwa 28 ne kawai, kuma hanyoyinmu ba kwalta ce zalla ba. Da zarar tirela ta matso mutum ya sauka gefen titi, ko ya bar babbar hanya ya shiga burji domin ya isa wani tsohon gari, sai tayar ta nutse cikin rairayi, keken ya fara rawa. Ga kuma tsidau da ƙayar aduwa, waɗanda suke huda irin wannan taya cikin sauƙi.

A nan ne na ɗauki darasin da ya sa nake wannan rubutu. Na taɓa sayen keken tsere na hannu, na fita da shi bayan sallar asuba, tayar baya ta yi faci a wani ƙauye bayan Gaya. Mai gyaran da ke ƙarƙashin dalbejiya a bakin hanya dattijo ne mai haƙuri. Ya fitar da tif ɗin, ya tsoma shi cikin kwanon ruwa har ya ga inda kumfa ke fita, ya goge, ya liƙe. Da aka zo sa iska sai bakin famfonsa ya ƙi kama bawul ɗin, saboda siririn bawul ne da ake kira Presta, alhali famfonsa na baƙin keke ne da babur. Ya juya shi a hannu ya ce, “Ɗana, wannan naka ba na garin nan ba ne.” Da na nemi sabuwar taya, wadda ya miƙo mini an rubuta mata 28 kamar yadda ake kiran tawa, amma ba ta zauna ba, domin wilin baƙin keke milimita 635 ne, na keken tsere kuwa 622. A bayan a-kori-kura muka koma gida ni da keken.

Na uku shi ne keken dutse, mai faɗin taya da giya da yawa. Ana samun sa cikin kekunan hannu da ake shigowa da su daga Turai, kuma a ganina cikinsu ne mai tafiyar karkara zai sami abin da ya fi dacewa da shi, amma da sharaɗi. A guji sababbi masu araha da aka ƙawata da sifirin gaba da baya, domin sifirin yana ƙara nauyi, yana shanye ƙarfin ƙafa a kan kwalta, kuma ƙurar hunturu kan lalata shi cikin ɗan lokaci. Abin nema shi ne tsohon keken dutse marar sifirin, mai jikin ƙarfe da wili inci 26, wanda tayarsa da tif ɗinsa suka fi sauƙin samu a garuruwanmu. Idan aka cire masa tayoyin nan masu manyan haƙora aka sa masu santsi, sai ya yi gudu a kwalta, ya kuma tsaya da ƙafarsa a burji. Akwai kuma wanda ke tsakanin keken dutse da na tsere, mai miƙaƙƙen kai da taya mai faɗin milimita 35 zuwa 40. Yana da daɗin hawa ƙwarai, amma wilinsa irin na keken tsere ne, don haka dole mai shi ya riƙa tafiya da tif na ajiya.

Batun jikin keke ya cancanci a tsaya a kansa, domin masu sayarwa sukan ɗaga shi da yatsa biyu su nuna rashin nauyinsa a matsayin hujjar tsada. Jikin ƙarfe idan ya tsage, mai walda na Ringim ko Gumel zai iya haɗa shi mutum ya ƙarasa tafiyarsa. Alminiyam ya fi sauƙin nauyi kuma ba ya tsatsa, amma waldarsa sai da na'ura ta musamman. Jikin kabon kuwa, wato wanda aka yi da zaren kabon da aka daskarar da shi da gam, wanda ya fi su tsada, yana iya tsagewa ta ciki ba tare da ido ya gani ba, kuma wanda ya saye shi na hannu bai san faɗuwa nawa ya yi ba kafin ya iso gare shi. Ba na ba kowa shawarar sayensa domin tafiyar karkara.

Game da giya, sunan Shimano na Japan ne ya cika kasuwa, kuma ƙananan matakansa irin Tourney da Claris sun ishi ƙasarmu wadda yawancinta shimfiɗe take, in ban da ɗan hawa a wajen Dutse da Kazaure da Rano. Birkin roba mai kama wili ya fi dacewa da mu a kan birkin da ke aiki da mai, saboda wayarsa da robarsa kowane mai gyara yana iya canza su.

Ranar ciniki a je da wanda ya san keke, kuma kada a ji nauyin dubawa. A tsaya a kan keken ƙafafu biyu a ƙasa, a tabbatar akwai tazarar yatsu biyu ko uku tsakanin jiki da ƙarfen sama, domin keken da ya yi wa mutum girma ciwon baya da na wuya yake kawowa. A ɗaga kowane wili a juya shi a ga ko yana layi, a duba mahaɗin ƙarfe ko akwai tsaga ko sabon fenti da aka rufe wani abu da shi, a hau a canza giya ɗaya bayan ɗaya a saurari sarƙa. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar da ke ƙarƙashin feda, saboda kekunan sata suna shiga kasuwa. Sannan kada a ƙarar da kuɗi a kan keken kaɗai. A ware na hular kwano, ƙaramin famfo mai kama kowane bawul, tif biyu, kayan faci, fitila ja ta baya da gorar ruwa biyu, domin manyan motocin hanyar Maiduguri ba sa ganin mai keke da wuri, kuma a bazara ruwan gora ɗaya yakan ƙare tun kafin hantsi.