Ramukan ƙarƙashin Paris da na Rum: wanne ne wanne?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ramukan nan na ƙarƙashin Paris da ka gani a bidiyo, cike da ƙoƙunan kawunan mutane, iri ɗaya ne da na birnin Rum, kuma wanne ya girmi wani. Ba ɗaya ba ne, kuma a matsayin maƙabarta na Rum sun girme su nesa ba kusa ba.

Na Rum tun asali don binne mamata aka haƙa su. Dokar Rumawa ta hana binne gawa a cikin ganuwa, sai Kiristoci da Yahudawa suka riƙa haƙa a gefen hanyoyin fita gari, tun wajen ƙarni na 2 miladiyya. Dutsen wurin na aman wuta ne, mai sauƙin sara. A naɗe mamaci a likkafani, a sa shi a gurbin da aka sassaƙa a bango, a rufe da tubali ko allon marmara, wani lokaci har da sunansa. Ɗaya daga cikin ramukan, wanda ake kira San Callisto, shi kaɗai hawa huɗu ne, tsawonsa wajen kilomita 20, kuma an binne fafaroma 16 a ciki.

Na Paris kuwa mahaƙar duwatsu ce. Daga nan aka ciro farin dutsen da aka gina cocin Notre-Dame, kamar yadda kududdufan cikin birnin Kano suka samu daga ɗiban ƙasar gini, sai dai su nasu ramin a ɓoye yake. Gari ya yi ta faɗaɗa a kansa, aka manta da shi, sai a 1774 wani titi ya rufta. A 1777 Sarki Louis na 16 ya kafa hukumar da za ta auna ramukan ta tokare su, kuma har yau tana aiki.

To ina ƙasusuwan suka fito? Maƙabartun tsakiyar gari ne suka cika maƙil, wari ya addabi maƙwabta, har aka rufe babbar cikinsu, Saints-Innocents, a 1780. Daga wajen 1786 aka riƙa kwaso ƙasusuwa da daddare a kekunan doki ana zubawa a ramukan, har suka kai na mutum wajen miliyan 6. Jeren nan mai tsari da ka gani daga baya aka yi shi, wajen 1810. Ba a san ƙashin wane ne wane ba, mai kuɗi da talaka duk a cakuɗe, abin da ni kam bai kwanta mini ba.

Idan tarihi kake nema, Rum ta fi, don akwai rubutu da zane a bango, ko da yake an kwashe yawancin ƙasusuwan daga inda baƙi ke bi. Idan abin da ka gani a bidiyo kake so, sai Paris: ka sauka matakala 131, zurfin mita 20, ka taka wajen kilomita ɗaya da rabi cikin sanyin digiri 14. Sauran ramukan, kusan kilomita 300, an haramta shigarsu tun 1955, kuma akwai 'yan sanda na musamman da ke sintiri a ciki suna cin masu satar shiga tara.