Sailej ɗin dawa ko na masara? Amsa ga Alhaji mai turka a Ikorodu

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Ka ce harawa ta yi tsada a Legas, an ba ka shawara ka yi wa bijiman da ka turke a Ikorodu sailej, kana so ka san tsakanin na dawa da na masara wanne ya fi yi wa dabba amfani. Saboda 'yan uwan da ba su san shi ba, sailej shuka ce da ake yankewa tana ɗanya, a daddatsa ta ƙanana, a danne cikin rami ko durom ko leda, a toshe iska har sati 3 ko fiye, ta tsimu.

Ta fannin furotin kusan kunnen doki suka yi. In ka cire ruwan, kowannensu yana da wajen kashi 7 zuwa 9 cikin 100. Sun ninka busasshen karan da muka saba zuba wa shanu da rani, amma harawar wake ko ta gyaɗa mai ganye ta fi su. Kowanne ka zaɓa, sai ka haɗa da ƙuliƙuli ko angurya ko dusa, in dai tsoka kake nema.

Wajen ƙiba ne masara ta sha gaba. Na dawa yakan ba da kamar kashi 80 zuwa 90 na ƙarfin da na masara ke bayarwa. Karan dawa ya fi tauri, ba ya narkewa sosai a tumbi. Sannan tsabarta ƙanana ce mai ƙarfin fata, injin datsa ba ya fasa ta, sa kuma ba ya tauna ta duka. Ka tsaya bayan garke da safe ka duba kashin shanun da suka ci sailej ɗin dawar da ta ƙosa: za ka ga tsaba zube ba ta ko fashe ba, kaji na ta tsattsaga. Kuɗinka ke nan kaji ke ci. Maganinsa a yanke ta da wuri, lokacin da in ka matsa ƙwayar da farce za ta lotsa kamar ƙullu, ta wuce ruwan madara amma ba ta yi tauri ba. Wata jar dawar kuma tana da wani ɗaci da ake kira tanin, wanda ke rage wa dabba cin moriyar furotin. Fara ta fi dacewa.

Akwai batun guba, wanda duk ɗan Arewa ya san labarinsa: saniya ta faɗa gyauron dawa ta faɗi nan take. Ƙaramar dawa da ba ta wuce gwiwa ba, da gyauro, da wadda fari ya dafa, suna ɗauke da sinadarin da ke rikiɗa ya zama gubar sayanayid a cikin dabba. Tsimawar tana rage shi ƙwarai, amma kada zumuɗi ya sa ka buɗe rami kafin sati 3 su cika. Masara ba ta da wannan fargabar.

To me ya sa ake yabon dawa? Juriyar fari. Inda masara za ta naɗe ganye ta ƙone, dawa sai ta yi likimo ta jira ruwa, kuma ba ta cin taki kamar masara. A Katsina ko Sakkwato wannan babban abu ne. Amma kai Ikorodu kake, inda ruwa ke yi mana yawa har mu rasa inda za mu taka. Nan masara sau biyu ake noma ta a shekara, ita kuwa zangarniyar dawa danshi na sa ta fumfuna, ga tsuntsaye. Falalar dawa ba ta da aiki a gonarka.

Kada kuma wani ya ce zai loda maka sailej daga gida a tirela. Kashi 65 zuwa 70 cikin 100 nasa ruwa ne, wato kuɗin motar ruwa za ka biya tun daga Kano. Harawa ce ta cancanci wannan tafiyar.

Da ni ne, masara zan shuka, in yanke ta da goyonta. In kuwa dawa ce ta samu cikin sauƙi, ba abin ƙi ba ce, musamman ga shanun da ba a gaggawar kai su kara. Sai dai ka ƙara dusa.

Damuwata da Legas zafi da danshi ne. Ranar da ka buɗe, iska ta shiga, ruɓa ta fara. Ka riƙa ɗiba kullum kana mayar da leda, ko ka zuba a ƙananan durom da za su ƙare cikin kwana biyu zuwa uku. Mai kyau ƙamshin tsami yake yi kamar kunun da ya kwana. Wanda ya yi baƙi, ko wari, ko fumfuna, ka zubar, kada ma ka gwada wa raguna, don sun fi shanu saurin kamuwa da cuta daga ruɓaɓɓen sailej.