Wankin bohol da iskar kwamfuresa a Kaduna: wane mai aiki ya cancanci kuɗinsa

Da zarar sumo, wato famfon da ake zurawa cikin bohol, ya fara jawo yashi ko ruwa ya ja baya, shawarar da ake ba mai gida daga Rigasa har Sabon Tasha ɗaya ce: a kira masu kwamfuresa su wanke rijiyar. Aikin yana biyan buƙata, sai dai masu yinsa kashi biyu ne.

Kashin farko tiyo ɗaya suke zurawa cikin kesin, wato bututun da yake tare bangon rijiyar, su buɗe iska gaba ɗaya. Ruwa ya yi tsiri, yara su taru, mai gida ya ga kamar an yi aiki. Su ne masu arha, amma ba mu ba da shawarar a kira su ba. Kwamfuresan da aka ƙera don fasa dutse yana iya tsaga kesin roba, ya hargitsa tsakuwar da ke bayansa, ko ya cusa iska cikin tsagogin dutse ta tare wa ruwa hanya.

Kashi na biyu bututu biyu suke kawowa: babba mai inci 2 ko 3 na fitar da ruwa, da ƙarami na iska a cikinsa, bakinsa ya tsaya kamar rabin mita sama da bakin babban. Waɗannan sun san cewa ba tura ruwa iskar take yi ba. Gauraya take da ruwan cikin bututu, haɗin ya rage nauyi, sai ruwan da ke kewaye ya danno shi sama.

Gwanintar tana wajen bawul. Iska kaɗan, kumfa ce kawai take tasowa ba ta ɗaga komai. A ƙara, kumfar ta haɗe ta zama dogayen gaɓoɓi masu cika faɗin bututu, kowace tana ɗauke da curin ruwa a kanta. A nan ruwa yake fitowa da ƙarfi, guntu-guntu, da yashi a cikinsa. A wuce nan, iska ta huda tsakiya ta tafi abinta, ruwa ya lafe jikin bututu, feshi kawai ake gani, man gas yana ƙonewa a banza. Kuma iskar tana kumbura tana hawa: wadda aka saki a ƙarƙashin ruwan mita 20 tana ninka girmanta kusan sau uku kafin ta kai baki. Shi ya sa a hankali ake buɗe bawul.

Lissafin ba shi da wuya. Kowace mita 10 ta ruwan da ke saman bakin iska tana buƙatar kusan bar 1, wato ma'aunin matsin iska. Rijiya mai mita 50, ruwa yana tsaye a mita 10 daga sama, bakin iska a mita 45: bar 3.5 da ɗan ƙari ya isa a tayar. Abin so shi ne kusan kashi 60 cikin 100 na bututun iska ya kasance cikin ruwa lokacin aiki. In ruwa ya sauka zuwa mita 25, saura kashi 44, ƙarfi ya ragu ke nan. Wannan yana yawan faruwa a Kaduna, domin ƙasanmu dutse ne, ruwan yana cikin rubabben saman dutsen da tsagoginsa, ba ya dawowa da sauri. Mai aikin kirki yakan kashe iska ya jira rijiya ta cika, ya sake. Ruwan da ya koma ƙasa ma yana warware yashin da ya cushe a ramukan kesin.

Inda har gwanayen suke da rauni shi ne awo. Su tara bokiti mai lita 20, ya cika a daƙiƙa 20, su ce rijiya tana ba da lita ɗaya a daƙiƙa. Wannan kiyasi ne. Kada a sayi sumo a kansa sai an gwada da famfo na wasu sa'o'i ana auna saukar ruwa. Kafin a sallame su, a ɗebi bokiti a bar shi ya kwanta a duba yashi a gindinsa, a duba maiƙo a samansa, don tsohon kwamfuresa yana fesa mai tare da iska. Sannan a zuba kulorin kafin a mayar da sumo.