The Villages a Fulorida: yadda zumunci ke ƙulluwa a sabuwar unguwar 'yan fansho

The Villages gari ne da kamfani ya gina wa masu ritaya a tsakiyar jihar Fulorida ta Amurka. Harold Schwartz ya faro shi da gidajen tirela, wato ƙananan gidajen da ake iya ja da mota, a shekarun 1970, ɗansa Gary Morse ya shigo a 1983 ya faɗaɗa shi, har ƙidayar 2020 ta sami sama da mutum 79,000 a ciki. Dokar Amurka ta 1995 ta ce a irin wannan wuri kashi 80 cikin 100 na gidajen a samu mai shekara 55 ko fiye. Wanda bai kai 19 ba sai dai ziyara, kwana 30 a shekara.

Inda tsarin ya fi armashi shi ne sabuwar unguwa. Ana sayar da gidajen layi guda kusan lokaci ɗaya, don haka duk maƙwabta baƙi ne, kowa ya baro danginsa a wata jiha, kowa na neman abokin hira. Da la'asar sakaliya sai a fito da kujeru ƙofar gareji, kowa da abin shansa, kuma a nan ake fara sanin juna. Wanda ya sayi gida a tsohon layi yakan tarar an riga an yi rukuni, sai ya dage kafin ya samu shiga.

Fasalin garin ma yana taimakawa. Ba a kai wasiƙa gida. Kowace unguwa tana da rumfar akwatunan wasiƙa, galibi kusa da wurin ninƙaya, sai mutum ya fita ya ɗauko, ya gaisa da jama'a. Zirga-zirga kuwa a 'yar motar golf ake yi, a kan hanyoyinta da suka haura mil 100. Gefenta a buɗe yake, gudunta bai wuce mil 20 a awa ba, tsayawa a gaisa ba wuya. Akwai ƙungiyoyi sama da 3,000, na wasanni, ɗinki, rawa, har na 'yan jiha ɗaya. Cibiyoyin nishaɗin garin ke ba da ɗaki, mazauna ke tafiyar da su. A dandalin Spanish Springs, Lake Sumter Landing da Brownwood ana kiɗa kyauta kullum daga yamma zuwa dare. Abin da ya fi cancantar yabo shi ne yadda unguwanni ke haɗa kuɗi su sayi na'urar farfaɗo da zuciya, su horar da maƙwabtan da za su ruga kafin motar asibiti ta iso.

Sai matsalolin. Sababbin unguwanni suna kudu ne, nesa da tsofaffin dandalin, kuma gidaje kan riga shaguna kammaluwa. Daga Janairu zuwa Maris masu gudun sanyin arewa suna cika garin, ajin motsa jiki da gidan abinci sai layi. Ban da kuɗin hidima na wata-wata, kusan dala 200, sabon gida yana zuwa da bashin tituna da bututun ruwa na dubban daloli da ake biya shekara-shekara. A tambayi adadinsa kafin a sa hannu. Kusan duk mazaunan Turawa ne, baƙar fata zai ji hakan tun ranar farko.

Babbar damuwar ita ce zumuncin ya rataya ne a kan lafiya. Maƙwabtan da suka tare tare, tare suke tsufa. Idan ido ya yi rauni aka daina tuƙi, ko mata ta rasu, ƙungiyoyin nan ba sa biyo mutum gida, ga 'ya'ya a nesa. Kuɗin hidima bai haɗa da jinya ba, gidan kula da tsofaffi kuɗinsa daban.

Ga ma'aurata masu ƙarfi a jika da son cuɗanya, wurin ya cika alkawarinsa. Mai niyya ya fara kama haya ta wata ɗaya a lokacin cunkoso, ya auna nisan gidan da asibiti kafin ya saya.