Saitin dare da tocila: wanne ya fi amfani idan duhu ya yi?

Tun bayan ƙaramar salla yaran da muke sintiri tare a unguwarmu, nan gefen Gusau ta wajen Damba, suke damuna da wani bidiyo. Wani Ba'amurke ne a ɗaki mai duhu, riƙe da ƙaramar bindiga, ɗigo uku kore shar suna ƙyalli a samanta, yana ta zuba cewa wanda ba shi da su makaho ne da dare. Ɗaya daga cikin yaran ya miƙo mini wayar ya ce, "Baba Sufeto, wagga aba da muna da ita ai da mun huta." Na ce masa ya zauna. Abin da na faɗa masa a bakin masallaci shi ne zan rubuta a nan, don na yi amfani da abubuwan biyu. Saitin dare, wato ɗigon nan uku na auna hari da ke saman bindiga, na riƙe shi kusan shekara huɗu a ƙarshen aikina na ɗamara, a kan bindigar hukuma da na mayar ranar da na ajiye kaki. Tocila kuwa wata tara ke nan tana rataye a ƙuguna kowane dare.

Saitin dare ba wani sihiri ba ne. 'Yan mitsi-mitsin kwalabe ne guda uku, ɗaya a saitin gaba, biyu a na baya. A cikinsu akwai wata iska mai suna tiritiyom, dangin haidurojin ce, tana fitar da wani ɗan tururi da ke bugun hodar da aka shafe cikin kwalbar da ita, hodar ta yi haske. Ba batir, ba caji, ba a shanya shi a rana. Irinsa ne a hannun wasu agogunan sojoji masu tsada. Kamfanin Trijicon na Amurka na daga cikin waɗanda suka yi suna da shi. Kore aka fi yi saboda idon mutum ya fi kama kore a duhu.

Ya yi mini amfani? Ya yi, amma a ɗan taƙi. Akwai wani lokaci bayan magariba, da kuma gab da asuba, da daren farin wata, da kake ganin mutum sarai, ka san ko wane ne, amma baƙin ƙarfen saiti ya ɓace maka a jikin baƙar rigarsa. A nan ɗigon nan uku suna aiki, kuma a filin atisaye na ga bambancin a kan allon harbi da idona. Haka kuma in ka farka tsakar dare, ƙyallin zai nuna maka inda ka ajiye bindigar da inda bakinta ya kalla, ba sai ka yi ta lalube ba. Iyakar abin da zan yabe shi da shi ke nan.

In duhu ya yi duhu, irin na ƙarshen wata da aka ɗauke wuta, wanda ko tafin hannunka ba ka gani, abin da za ka gani ɗigo uku ne suna yawo a iska. Sun gaya maka inda bindigarka ta dosa. Ba su gaya maka wa ke tsaye a wurin ba. Ɓarawo ne, maƙwabcinka ne ya fito kama ruwa, jaki ne, duk ɗaya ne a wurinsu. Ni a ganina har haɗari suke ƙarawa ga mai zafin kai, don suna sa masa jin cewa ya shirya alhali rabin aikin, wato sanin abin da ke gabansa, bai ma fara ba. Sannan suna tsufa. Tiritiyom yana rasa rabin ƙarfinsa duk bayan shekara 12 da 'yan watanni, ko ana amfani da shi ko yana cikin akwati. Wanda aka ba ni ya riga ya kwana biyu, ɗigon gaba ya koma kamar garwashin da toka ta rufe, sai idona ya saba da duhu nake tsinkayarsa.

Fitilar da ake ɗaurawa a ƙarƙashin bakin bindiga ma na gwada ta wani abokin aiki a filin atisaye. Haske ba a magana. Irinsu Streamlight TLR-1 HL suna ba da lumen 1,000, wato ma'aunin yawan haske, da ƙananan batura biyu da ake kira CR123A, kuma hannuwanka biyu suna kan bindiga. Sai dai sai ka sake kube, don tsohon ba zai ɗauke ta ba, kuma baturan ba irin na kantin unguwa ba ne. Babban abin da ya hana ta kwanta mini shi ne, duk abin da ka haska, ka nuna shi da bakin bindiga. Ka ji motsi a zaure, ka haska, ashe ɗiyarka ce ta fito shan ruwa. To ka riga ka ɗora mata bindiga, yatsanka kusa da kunama, zuciyarka na dukan uku-uku. Mai ɗamarar da ya samu horo yana iya haska ƙasa ko bango hasken ya watsu, amma ko shi ana so ya riƙe tocilar hannu daban don bincike.

Kafin wani ya ce zai yi oda, a san inda doka ta tsaya. A Dokar Makamai ta 1959, fisto da libarba suna cikin makaman da aka haramta wa mutum mallaka sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Bindigar farauta sai da na Sufeto Janar na 'yan sanda, bindigar toka kuma na Kwamishinan 'yan sanda. Ko a watan Yunin 2022 da gwamnatin Bello Matawalle ta ce jama'a su nemi lasisin riƙe bindiga don kare kai, 'yan sanda cewa suka yi hanin bayar da lasisi yana nan. Saboda haka bidiyon Ba'amurken nan labarin ƙasarsu ne. Mu abin da talaka zai saya da rana tsaka ya sa a aljihu ba tare da fargabar shingen bincike ba, tocila ce.

Tawa ƙanena ne ya aiko mini daga Kano. Tsawonta bai wuce taƙi ɗaya ba, jikinta alminiyon, batir ɗaya na 18650, ana cajinta da igiyar waya. A kwalin an rubuta lumen 1,200, kuma na yarda da su, don na jera ta da fitilar mota ta halojin, wadda ƙwanta ɗaya ke ba da tsakanin 1,000 da 1,500, ban ga ta ji kunya ba. Waɗanda ake shimfiɗawa a bakin titi an rubuta musu 100,000 a kwali kuwa, Allah ya shirya. Na taɓa sayen ɗaya kafin wannan, ko wata ba ta rufa ba.

Abin da ban sani ba sai da na fara amfani da ita shi ne lumen ba shi ne komai ba. Lumen yawan hasken ne gaba ɗaya, kandela kuma ƙarfin tsakiyarsa, wato nisan da zai harba. Kamar ruwa ne: bokiti guda in ka watsa shi zai jiƙa tsakar gida, in ka matse shi a tiyo zai kai bayan katanga. Tawa tana da tsakiya mai ƙarfi da ɗan yaɗuwa a gefe. Daga ƙofar gidana zuwa bishiyar dogon yaro da ke ƙarshen layi taku 130 ne, na ƙirga. A can ina rabe mutum da dabba. Fuska kuwa, da abin da hannu ya riƙe, sai a taku 40 zuwa 50 nake tabbatarwa. Wannan tazarar ita ce ta dame ni, don a nan ne ake yanke shawarar a yi kururuwa ko a yi sallama.

Maɓallinta a gindi yake, kuma in ka ɗan taɓa shi da babban yatsa tana kamawa, ka saki ta mutu. Ban ɗauki wannan da muhimmanci ba da farko, yanzu kuwa ba zan sayi wadda ba ta da shi ba. Mai sintiri ba ya tafiya da fitila a kunne kamar mai tallar tsire. Ido yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai, haske mai ƙarfi kuma nan take yake rushe wannan. Ga shi duk wanda ya kunna ya sanar da inda yake. Muna tafiya ne a duhu, in an ji abu a haska daƙiƙa biyu, a kashe, a gusa daga wurin. Ina kuma riƙe ta nesa da jikina, can gefe, don mugu hasken yake nufa.

Wani dare a watan Janairu, wajen ƙarfe biyu da rabi, sanyi kamar ya tsaga ƙashi, muka ji dirar mutum a bayan katangar wani maƙwabci. A wannan makon an shiga wata unguwa kusa da mu, kowa a tsorace yake. Na ga inuwa a duƙe, da wani dogon abu a hannu. Yaron da ke gefena har ya ɗaga gorarsa, na baya ya kai usur baki, kuma na san in usur ya tashi unguwa za ta fito da duk abin da ta samu, ba mai tsayawa tambaya. Na danna tocila. Ɗan maƙwabcin ne, bai fi shekara 15 ba, ya kare idonsa da hannu yana cewa, "Baba, ni na! Ni na!" Na ce, "Mi kaka yi nan da tsakad dare?" Ashe ragonsu ne ya tsinke igiya ya bi ta inda katanga ta zube, shi kuma ya ji tsoron tashin mahaifinsa, ya ɗauki sanda ya haura. Na raka shi har gida. Da na dawo na zauna a kan benci gwiwoyina suna rawa, don na tuna shekarun da abin da ke hannuna a irin wannan dare ba tocila ba ne, ɗigo uku ne kore. Da sun hau kan inuwar nan daidai, ba kuskure.

Aibobinta akwai su. Na farko hazo. Haskenta fari ne fat mai ɗan shuɗi, in hunturu ya sauko da ƙura sai ya dawo maka a fuska kamar ka haska farin bango, nisan ya ragu fiye da rabi. Tsohuwar tocilar wani dattijo a cikinmu mai jan haske ta fi ta ratsa hazo, abin ya ba ni haushi. Dabarar da na samu ita ce in rage ƙarfin, in sauke ta wajen ƙugu maimakon kusa da ido. Na biyu zafi. A matakin ƙarshe ba ta wuce minti biyu zuwa uku sai kanta ya ɗau zafi ta rage hasken da kanta. Ba lalacewa ba ce, haka aka yi su, amma mai saye ya sani cewa lambar da ke kwali ta 'yan mintoci ce. A matsakaicin mataki tana kai ni asuba har da saura. Na uku wannan walƙiyar da take yi, fat-fat-fat, wai don rikita maƙiyi. Ni take rikitawa. Sau biyu ina son haske sosai yatsana ya zarce ta faɗa can. Da ana cire ta da na cire.

Sai batir, inda aka fi cutar mutane. Sunan 18650 awonsa ne, faɗi milimita 18, tsawo 65. Mai kyau a cikinsu bai cika wuce 3,500 mAh ba, wato ma'aunin yawan cajin da yake ɗauka. Na sayi na ajiya a wani teburi an rubuta masa 9,900, na ɗauka na tsinci dami a kala. Ko awa ɗaya bai yi ba. Da na auna su a hannu sai na ji na jabun sakayau, na ainihin kuwa yana da nauyi, giram 45 ko sama kaɗan. Yanzu in zan saya sai na ɗaga na ji. Kada kuma a bar shi a cikin mota ko a kan kwano da zafin Afrilu, kada a jefa shi tsirara a aljihu tare da makullai, yana iya kamawa da wuta. Nawa a gidan mai sola nake caji da hantsi, in karɓa bayan la'asar.

Wani amfanin da ba a rubuta a kwali ba: tun lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara a watan Satumban 2021 muka saba da yin magana da haske. Ƙyaftawa biyu lafiya, uku a zo. Waya ta dawo amma ba mu bari ba, don haske ba ya ƙara kuma ba ya jiran sabis. Da wannan maɓallin gindi abin ya zo da sauƙi.

Ba na yaudarar kowa, tocila ba ta tare masu zuwa a kan babura da manyan bindigogi. Wannan aikin hukuma ne, sojoji da 'yan sanda da Askarawan Zamfara da gwamnatin Dauda Lawal ta ƙaddamar a farkon 2024. Namu shi ne mu gani da wuri, mu tabbatar, mu tada mutane, mu kira waɗanda ya kamata. Ga mai gadin shago, da mai kwana a gona lokacin girbi, da magidancin da ke fita duba dabbobi, na ce a saya, a nemi mai maɓalli a gindi, mai batir da ake cirewa, in da hali mai haske ja-ja saboda hunturu. Yaron da ya nuna mini bidiyo ya fara tara kuɗin tasa. Tawa robar da ke rufe ramin caji ta yage tun watan jiya, na ɗaure wurin da guntun tayar keke kafin damina ta sauka, kuma na aika wa ƙanena ya nemo mini batir na biyu, na ce ya sa a auna masa a gabansa.